Ranar da Na Yi wa Matar Sarkin Rum Wanka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa matar sarkin Rum wanka ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni. (Kada hankalinku ya tashi. Baiwar Allahn ba ta fi murfin kwalba faɗi ba, kuma a jikin kwabo take.)

A lokacin ina aiki a wani ɗan shago a kasuwar Dira, can ƙasar Larabawa, wajen wani dattijon Balarabe da ake kira Abu Nasir. Shi ne kafilina, da sunansa aka yi mini iƙama, wato takardar izinin zama. Tsofaffin kaya yake sayarwa, butocin gahawa da wuƙaƙe da kuɗin mutanen da. Shara da goge-goge aka ɗauke ni yi, amma da ganinsa ya fara rauni sai ya mayar da ni idonsa. Ni da karatuna ya tsaya a aji shida a Gusau, sai ga ni da gilashin ƙara girma ina leƙen fuskokin sarakunan Rumawa.

Ya koya mini cewa ƙananan kuɗinsu iri uku ne. Babban mai nauyi, sistarshiyus, ba ya ɓuya. Rigimar tana wajen sauran biyun, as da dubondiyus, don girmansu kusan ɗaya ne. Sunayen sun fi ƙarfin harshena, sai na raɗa musu nawa: as kwabo, dubondiyus kwabo biyu, babban kuwa kwabo huɗu, tunda haka darajarsu take a zamaninsu.

"Dubi kan sarkin, ya waladi," in ji shi. (Haka yake kirana, wato ɗana, ni kuma in ce masa ya ammi, wato baffa.) "In ka ga hula mai tsinaye kamar hasken rana, biyu ne. In ganye ya zagaye kan, ɗaya ne."

Shi ya shafa da yatsa, ni in faɗi abin da na gani, sannan in rubuta a ɗan kati. Haka muke yi, muna jin daɗin juna.

To ni mutum ne mai wasiwasi. Nakan kulle shago in kai bakin titi in dawo in ja kwaɗon, in sake komawa in sake dawowa. Abin da na fi tsoro a aikin nan shi ne in rubuta abin da ba shi ba, wani bawan Allah ya saya a kan maganata, ranar gobe ƙiyama a tsayar da ni.

Wata Talata Abu Nasir ya fito da wani kwabo daga cikin ƙyalle. Wannan karon fuskar mace ce, da kitsonta a naɗe a ƙeya. Ya ce wani likita daga unguwar Malaz ya gani ya yaba, zai zo ɗauka ranar Alhamis, in rubuta mata kati. Ya faɗi haka yana sauri, za a kai shi asibitin ido.

Matsalar ita ce matan sarakunan ba sa sa hular tsinaye, ba sa sa ganye. Hanya ɗaya ta rage, launin ƙarfen: kwabo biyu da tagulla mai ruwan ɗorawa ake yinsa, kwabo ɗaya da jan ƙarfe. Ita kuwa wannan kore shar take, wani abu ya lulluɓe ta sumul kamar an shafa mata fenti. Na juya ta, na kai ta bakin ƙofa wajen haske, har sansana ta na yi. Na rubuta biyu na yaga katin. Na rubuta ɗaya na yaga. Ranar ko shinkafar kabsa ta rana ban iya ci ba.

Can sai Innata ta faɗo mini a rai, yadda take wanke tasoshin tagulla da lemun tsami da toka har ka ga fuskarka. Na ce yauwa. Toka ga ta nan a kaskon turaren shago, lemu kuwa na karɓo wajen mai shayi. Na zauna a bayan kantar shago da tsohon buroshin haƙori, na yi bisimilla (wannan bisimillar har yau tana ba ni kunya), na dirje ta son raina. Koren nan ya bi ruwa. Sai ga ta rawaya fes. Biyu ce! Na rubuta kati da hannuna mafi kyau, ina ji kamar na ci jarrabawar da ban taɓa zama ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar likita ya iso. Na zuba gahawa, suka gaisa. Abu Nasir ya ce in kawo sarauniya. Na kawo ta a kan ƙyalle da hannu biyu, ban ma jira an tambaye ni ba.

"Dubondiyus ce, ya duktur, babu shakka. Ni na tabbatar. Nazif, tsaf take!"

Likita ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. "Esh haza?" ya ce, wato mene ne wannan. Sai salati.

Dattijon ya miƙo hannu na sa masa. Ya daɗe yana shafa ta da babban yatsa.

"Wannan ba ita ba ce."

"Ita ce, ya ammi. Wanka na yi mata."

Likita ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa majinyaci. Koren nan da na ɗauka datti ne, shi ya zo saya. Shi ne shaidar tsufanta, shi ne ya tsare fuskar tsawon zamani. Da na duba da gilashi sai na ga tsamin ya ci kumatunta, duk ta yi zanzana. Ya shanye gahawarsa, ya yi sallama ya fita hannu wofi.

Ni kuwa har na ga kaina a filin jirgi da jakata, ina shirya abin da zan ce wa mai ɗakina. Na durƙusa gaban kujerar Abu Nasir na faɗi komai, har da buroshin.

"Me ya sa?" kawai ya tambaya.

"Na ji tsoron in rubuta biyu alhali ɗaya ce, ya ammi."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ashe dariya yake, har da hawaye.

"Wajen mahaifina na gaje ta. Ya rasu bai san ko nawa ce ba, ni ma na tsufa ban sani ba. Shekara kusan dubu biyu tana ɗinka rigarta, ka tuɓe mata a yini ɗaya." Ya goge ido. "To nawa ce?"

"Biyu."

"Alhamdu lillahi, mun huta."

Ya lalubo kafaɗata ya ɗaga ni. Ya ce wanda ya ɓata masa kaya don tsoron ƙarya ba ya korarsa, amma lemun tsami kada ya ƙara shigo masa shago sai a cikin shayi. Sannan ya ce in ɗauko sabon kati zai koya mini abin da ya manta bai koya mini ba. Na ɗauki biro, ya yi mini shifta: "As ko dubondiyus. Allah ne masani."

"Ana rubuta haka, ya ammi?"

"Manyan masana ma haka suke rubutawa."

Tun daga ranar na gane cewa "ban sani ba" ita ma gaskiya ce, kuma ta fi lemun tsami araha.