Gashin Zabo a Kunnena

Ba zan taɓa mantawa da makon da za a sa ranar aurena ba, kuma ba don murna ba. A makon ne kunnena na dama ya toshe, bakina kuma ya buɗe a inda bai kamata ba.

Duk wanda ya san ni ya san ni da son ganin ƙwaƙwaf. Gyaran waya nake yi a bakin kasuwar Zuru, kuma ban shiga sana'ar don komai ba sai don ba na iya ganin abu a rufe ban buɗe shi ba. Rediyon babanmu ta sha wahala a hannuna tun ina ƙarami. Wuri ɗaya ya gagare ni leƙawa, shi ne cikin kunnena. Na gwada madubi biyu, na gwada kyamarar waya, ban ga komai ba sai duhu.

Shi ya sa na zama ɗan gida a wajen Mamman mai sakace kunne. Duk ranar kasuwa yakan shimfiɗa tabarma gindin dalbejiyar da ke gaban shagona, ya buɗe tsohon gwangwaninsa. A ciki akwai wani ƙarfe siriri mai ɗan cokali a baki, da auduga, da kwalbar mai, da gashin zabo da aka fige aka bar masa ɗan tuntu a kai. Ya zaunar da kai, ya juya kunnen wajen rana, ya shiga lalube. Abin da ya ciro ba ya yarwa, a bayan hannunsa yake shafawa, in ya gama ya nuna maka. Wasu su kau da kai. Ni kuwa sai in sunkuya in ƙura ido ina tambaya, wannan daga ina yake fitowa, me ya sa na wancan makon ya fi baƙi? Daga nan sai gashin zabo, shi ne ƙarshen aiki. Da ya murza shi a cikin kunnen sai ido ya rufe da kansa, ƙafa ta kama rawa. (An ce har gurnani nake yi. Ni dai ban taɓa ji ba, amma maƙwabcin shagona ya rantse.)

Wata rana sai na ce, abin da ke da daɗi haka, me zai sa in jira ranar kasuwa? Na samo gashin zabo na fige shi yadda na ga Mamman na yi, na kama yi wa kaina kullum. Ran nan da safe na zura, na murza, na zaro, sai ga tsinke babu tuntu. Ban damu ba, ai ni mai gyara ne. Na naɗa auduga a kan ashana na bi sahunsa. Ita ma ashanar ta dawo tsirara. Kafin rana ta take, kunnen ya rufe ruf, ina jin duniya kamar an kifa mini ƙwarya a ka, na hagun ma sai wani zuuu yake yi.

Mamman ya leƙa, ya taɓa da ƙarfensa, na zabura don zafi. Ya girgiza kai ya ce, "Wanga ya wuce can ciki, ƙarhena ba shi kai nan. Ka tahi asibiti."

To a nan gizo... a'a, bari in faɗa a fili: a nan tsorona yake. Yarinyar da nake nema, Rakiya, mahaifinta tsohon soja ne, kuma ya riga ya ce ya ba ni. Amma kowa a unguwar ya san cewa a gidan nan maganar Inna, mahaifiyarta, ita ce ta ƙarshe. Ma'aikaciyar lafiya ce a Wasagu, sai ƙarshen mako take zuwa gida. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, cewa ta yi tana nan tana kallona tukuna. Ranar Asabar kawunnaina za su je a sa rana, in ta ɗaga kai. Ka ga ba lokacin da za a ji cewa mai neman 'yar ma'aikaciyar lafiya ya cusa wa kansa gashin zabo ba ne.

Kuma ka san surukuta irin tamu. Tunda na fara zuwa gidan ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskar Inna ba. In cire takalmi tun daga zaure, in durƙusa nesa, ido a ƙasa, in gaishe ta, in sulale. Abu biyu na sani nata, muryarta da ƙafarta. Ƙafa ce mai faɗi, farcen babban yatsan hagu a tsage. Da za a jera mini ƙafafun matan Zuru zan fitar da ita, amma da za mu haɗu a kasuwa sai in wuce ta.

Ranar Alhamis bayan azahar na rufe shago na tafi wani asibiti a cikin gari, raina kwance, tunda Inna tana can Wasagu. Aka tura ni wani ɗaki. Na tarar da wata mata babba, da farin hijabi da takunkumi a fuska. Ta ɗan tsaya tana kallona, sannan ta nuna mini kujera. Ni kuwa idona ya riga ya tafi kan farantin kayan aikinta: wata 'yar fitila mai tsinin baki, sirinji ƙato, da ɗan kwanon silba mai lanƙwasa.

Ta tsaya ta gefen kunnen da ya toshe, muryarta na zuwa mini kamar daga cikin rijiya. "Mi ya samu kunnen?"

Na faɗa mata komai, har da ƙari. Ta zura fitilar ta leƙa.

"Sista, me kike gani a ciki? Rami ne miƙaƙƙe ko yana da kwana?"

"Shina da kwana."

"To ita dauɗar kunnen, daga ina take zuwa? Ƙura ce ke taruwa?"

Ta ce ba ƙura ba ce kawai, kunnen ne ke yin abarsa don ta tare ƙura da ƙwari, kuma da kansa yake turo ta waje a hankali. Duk abin da ka zura, rabi kake cirowa, rabi kake dannawa ciki. Wannan ya ba ni mamaki ƙwarai. Wato duk abin da nake kallo a bayan hannun Mamman, akwai ɗan'uwansa da aka bari a baya? Ta ɗiga mini wani mai, ta ce in karkata kai in jira ya yi laushi.

Da na yi shiru a wannan jiran da na tsira. Amma ni shiru ba ya zama a bakina.

"Sista, don Allah maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Jibi za a sa ranar aurena, kuma surukata irinku ce, a Wasagu take aiki. In ta ji wannan labari na shiga uku."

"Haka take da zafi?"

"An ce ko mijinta da ya yi soja tsoronta yake ji. Ni ban ma taɓa ganin fuskarta ba, ƙafarta kawai na sani. Ƙafa ce ta sosai, Sista. Wani lokacin ina durƙushe ina tunanin wace lambar takalmi take sawa, ko sai an je Kwantagora ake samo mata. Ga wani farce a tsage, kullum ina son in tambayi Rakiya me ya tsaga shi."

Ta ce, "Turmi ne."

Na yi dariya na ce, "Ai kuwa zai iya yiwuwa!" (Ka ji wauta. Ban ko tsaya na tambayi kaina yadda aka yi ta sani ba.)

Ta ba ni kwanon na riƙe a ƙarƙashin kunne, ta ɗebi ruwan ɗumi a sirinji ta fara turawa. Jama'a, gashin zabo wasan yara ne. Ido ya rufe, ƙafa ta kama rawa, kuma a ranar na ji gurnanin nan da kunnena na hagu. Har cewa na yi, "Yawwa, Sista, nan ne, ƙara kaɗan!" Can sai na ji wani fat, kamar an cire murfin kwalba. Ƙarar fanka ta shigo, kukan jariri daga wani ɗaki, har ƙarar babur a titi. Na leƙa kwanon. Ga auduga, ga tuntun gashin zabo ya yi baƙi, ga wani dunƙule kamar ƙwallon dabino.

"Kai! Sista, kada ki zubar, sa mini a leda in nuna wa Mamman."

Sai ta yi magana daidai saitin sabon kunnena, tar, babu rijiya babu ƙwarya. "To, ɗana, yanzu kana ji?"

Na san muryar nan. A hankali na sauke ido ƙasa, inda ya kamata ya kasance tun shigowata. Silifas ne a ƙafarta, da alama daga salla ta fito. Ƙafa mai faɗi. Farcen babban yatsan hagu a tsage.

Ban san lokacin da na zame daga kujera na durƙusa ba, kwanon na hannuna, ruwan ya tuntsure mini a wando. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ina wuni, Inna." Ta amsa mini cikin natsuwa, har da tambayar mutanen gida. Ta ce wannan makon aka maido ta Zuru da aiki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fita da baya da baya, na manta hulata a kan kujera.

Kwana biyun nan abinci bai wuce mini ba. Rakiya ta kira ban ɗauka ba. Na riga na sallama, ina ta tsara yadda zan gaya wa kawunnaina kada su wahalar da kansu, amma kunya ta hana ni faɗin dalili, har Asabar ta yi suka tafi.

Da yamma suka dawo suna fara'a, an sa rana. Babban kawuna ya miƙo mini hulata da wani ƙulli a baƙar leda, ya ce in ji uwar yarinya. Ya ce ta faɗa a gaban kowa cewa ta daɗe tana kallon yaron nan ba ta ga komai ba sai ƙeyarsa, sai shekaranjiya Allah ya nuna mata abin da ke cikin kansa, kuma ba mugunta a ciki, sai surutu. Ta kuma ce a gaya mini a nan kasuwar Zuru take sayen takalminta. Kawu ya dube ni ya ce, "Wai mi ke nan?" Na ce ni ma ban sani ba. Da na shiga ɗaki na kwance ledar, sai ga tuntun gashin zabona, an wanke shi tas.

Har yau ina gaisawa da Mamman, wani lokacin in zauna in kalli na wasu, amma nawa kunnen na bar shi ya yi aikinsa. Darasin da na ɗauka kuwa bai tsaya a kunne ba. In za ka yi kunyar suruka, ka yi, amma ka saci kallon fuskarta ko sau ɗaya ne. Yanzu 'ya'yanmu sun fara tasowa, kuma duk ranar da na je gaishe da Inna na durƙusa, sai ta ja zane a hankali ta rufe ƙafarta, sannan ta ce, "Ɗana, ya kunne?"