Bebiya Ta Rasu da Sauran Waƙa Ɗaya

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, ni Alcide Robichaud, tsohon masunci kuma mai jan waƙa a cocin ƙauyenmu na bakin teku a New Brunswick, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar fiyanon lantarkina, wadda muke kira Bebiya. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburin ɗakin baya, tana da shekara ashirin da biyu. Ni na kashe ta. Zan faɗi yadda aka yi.

Marigayiya ba ta taɓa yin ƙara ba. Haka aka ƙera ta, babu lasifika a jikinta. Aikinta ɗaya ne: in danna maɓalli, ta aika saƙo ta wayar da suke kira MIDI, ɗigon kiɗa ya fito a kan layuka biyar a fuskar kwamfuta. Abin da kunne ya sani nata shi ne tuf, tuf na maɓallai, da ƙiiit na abin takawa idan sanyi ya kama shi. Saboda wannan shirun na so ta.

Kun san dokar gidanmu. Waƙoƙin jana'iza arba'in da ɗaya ubana ya bar mini, kamar yadda nasa uban ya bar masa, kuma ba a rera su sai akwai gawa a gaba. Ba a gwaji. Ba a yin su ƙasa-ƙasa a bakin murhu. A makabarta na koye su, mutum bayan mutum, ina tsaye bayan ubana. Yanzu mutane sun ragu, matasa sun tafi birni, ba mai tsayawa bayana.

Aji uku na yi a makaranta. Ban iya karanta ɗigon kiɗa ba, ban taɓa iyawa ba, wanda ya zaci na iya ya gyara zatonsa yau. Matata Ozelie, Allah ya ba ta hutawa, ita ta kawo Bebiya gida. Ta cire wayar sauti daga kwamfuta da hannunta. Ta manna mini ƙyalle: ja a inda zan fara dannawa, shuɗi na biyu, fari na uku. Ta ce, “Ka kunna fiyano kafin kwamfuta, tsoho. In ka juya, ba za su gane juna ba, kamar kai da ƙanena.” Damina guda da rani guda ta yi tana koya mini. Daga nan ina jin waƙar a kaina, yatsu na tafiya, takarda na fitowa, doka ba ta karye ba. Germaine Landry, shugabar mawaƙan coci, tana karɓar takarda ta duba da ido, ta ajiye har ranar da aka yi rashi.

Marigayiya mai haƙuri ce. Hannuna na hagu yatsa uku ne, sauran biyun injin jan raga ya ci, amma ba ta taɓa yi mini gori ba. Ba ta ƙara abin da ban danna ba, ba ta rage ba. Bayan Ozelie ta tafi na yi shekara shida ban shiga ɗakin ba. Da na koma, na danna ja, shuɗi, fari, ta amsa kamar jiya muka rabu.

Ciwon ajali ya fara a watan Oktoba. In danna sau ɗaya, ɗigo biyu su fito. Germaine ta riƙe takarda ta ce, “Baba Alcide, ko dai ka fara in'ina ne?” Daga baya saƙo ya riƙa makara, sai na ɗaga hannu sannan ɗigo ya iso, ya zauna inda ba wurinsa ba. Sannan wani maɓalli na tsakiya ya riƙe, ya cika shafi guda da dogon layi.

Surukina Normand ya zo da akwatin kayan aikinsa. Ya sauya waya. Ya musanya bakin shiga da na fita, ya mayar. Ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa. Ya shiga cikin manhaja yana neman sunanta a jerin na'urori, wani lokaci ta fito, wani lokaci babu. Ya ce, “Baba, iskar gishiri ce ta ci ramin wayar. Ka bar ta haka, ranar Asabar zan kawo ruwan wanke irin nata. Kada ka taɓa.”

Shekara hamsin ina yaƙi da gishiri, ba na jiran Asabar. Na ɗauko man da muke fesa wa injin jirgi idan za a ajiye shi lokacin sanyi. Na fesa a ramin waya. Na fesa tsakanin maɓallai, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe. Duk injin da na yi wa haka ya tashi. Ita robar cikinta ce ta kumbura. Koriyar fitilarta ta yi ta ƙiftawa kwana biyu, ranar Talata ta mutu.

Normand ya buɗe ta, ya sunsuna, ya dube ni. Ya ce, “Baba, ka shirya ta tsaf don fita teku.” Yana da gaskiya.

Kada kowa ya kawo mini sabuwa. An gwada. Bakin wayarta bai shiga tsohuwar kwamfuta ba, sabuwar kwamfuta ta ƙi tsohuwar manhaja, sabuwar manhaja kuma sai mai karatu, babu inda za a manna ƙyalle. Normand na haɗawa sai sabuwar fiyanon ta yi ƙara a cikin gidana, na sa ya fitar da ita. Shekarata tamanin da huɗu, kuma wadda ta iya koya mini tana makabarta.

Marigayiya ta bar kwamfuta ɗaya mai tari idan an kunna ta, da injin buga takarda, da abin takawa, da wayoyi biyu masu lafiya waɗanda aka zarga a banza, da kujera mai gajeriyar ƙafa. Ta bar waƙoƙi arba'in a jakar Germaine. Ta arba'in da ɗaya ba ta kai gare ta ba. Ita ce wadda ake yi wa mai jan waƙa kansa, lokacin saukar da shi kabari. Sau ɗaya na ji ta, ranar da aka binne kakana, sau ɗaya na yi ta, ranar da muka binne ubana. Na bar ta ƙarshe don ban so taɓa ta ba. Yanzu a kaina kaɗai take.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma, bayan rumfar raga. Normand zai haƙa. Na haɗa akwati da katakon tsohon jirgina. Akwai farfesun kaza da dankali a gida bayan an gama. Kada a kawo furanni. Kada a kawo shawara.

Jiya Germaine ta zo gaisuwa, ta zauna a kujerar Ozelie ba a ce ta zauna ba. Ta dubi akwatin, ta daɗe.

Ta ce, “Baba Alcide, ga akwati, ga rami, ga masu makoki. Ita ma ai ta ja waƙa shekara ashirin da biyu, ko da ba a ji ta ba. Ka yi mata ta ƙarshen ranar Asabar. Zan sa wayata ta hannu a aljihu, in ɗauki muryarka, in rubuta. Doka ba ta karye ba.”

Na ce, “Kin iya lissafi, 'yar Landry.”

Ta ce, “In ba haka ba, ranar da muka kai ka, me za mu yi maka? Mu tsaya muna kallon ƙasa?”

Na so in yarda, Allah ya sani. Na ɗaga murfin akwatin, ƙamshin man inji ya taso.

Na ce, “Wannan roba ce da waya, Germaine, ba gawa ba. Ba zan rera ba.”