Yawun Alhaji Junaidu

Duk Unguwar Rogo babu mai zurfin ilimi kamar Alhaji Junaidu, Gamsheƙan Siminti. Tun da kuɗin mai suka sauka, soja suka ba shi kwangilar gina magudanar ruwa, ilimi ya riƙa zuwar masa ba tare da wahalar karatu ba.

Wata rana ya tsare ɗan hayarsa Irmiya, malami a sabuwar jami'a, ya tambaye shi asalin dafin maciji. Irmiya ya ce asalinsa yawu ne kawai. Ƙwayar gado ɗaya ce ta hayayyafa ta zama dangi, kowane jika ya kama sana'arsa, wani daskarar da jini, wani kashe jijiya.

Alhaji ya haɗiye yawu a tsanake.

"Mi kac ce? In yawun kububuwa, wadda ba a san ubanta ba, ya kai haka, ina ga na ɗan babban gida?"

Daga ranar ya daina tofa wa yara addu'a, don tausayi. Ya bar lasar kan sarki. In zai yi atishawa, sai ya sa a kwashe kaji.

Ana nan, ranar walimar buɗe magudanar, yana tsakiyar jawabi a kan sauƙin kansa, da tsokar rago a baki, ya gartsa wa harshensa cizo.

Ya dafe ƙirji, ya kwanta a kan darduma, ya fuskanci alƙibla.

"Jama'a, gamsheƙa ya sari gamsheƙa! Ku shaida, na ba surukina Illo motata Marsandi sadaka, ko Allah ya sassauta min kwanciyar kabari."

Liman ya shaida. Illo, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba, ya karɓi makulli yana kuka da ido ɗaya.

Aka kira Dorcas, nas ɗin unguwa. Ta leƙa bakin, ta ce ya kurkure da ruwan gishiri, ya rage magana kwana biyu. Wannan na biyun ne ya kusa kashe shi.

Da ya warke, ya aika a karɓo motar. Liman ya ce mai janye kyauta kamar mai komawa ga amansa ne.

Yanzu kullum za ka ga Gamsheƙa a bakin titi, babbar riga na jan ƙasa. Illo mutumin kirki ne: in ya zo wucewa a motar, yakan matsa masa oda.