Ranar da na'ura ta gano nono a jikin gero

Ba zan taɓa mantawa da zuwana jami'ar da Hadiza ke karatu ba, ko da kuwa ita ta yafe. Hadiza 'yata ce, bincike take yi a kan geron da ke jure fari. Ni kuwa iyakata ajin yaƙi da jahilci a Kusada, amma duk abin da ta faɗa mini ina riƙewa.

Ta ce a cikin ganyen gero akwai wasu ƙananan abubuwa, furotin, kowane da ƙawayensa. "Inna, kamar gidan biki ne. Ki jawo mace ɗaya, ki ga su wa za su biyo ta." Sai a aika su ga wata na'ura mai auna nauyin kowane, ta faɗi sunansa. Na'urar tana can wata ƙasa, layi ake bi.

Na je mata da fura da kindirmo. Na dama mana a baranda, muka sha, ta shigar da ni ɗakin aikinsu in gani. Sai aka kira ta waje. "Inna, kada ki taɓa komai." Na ce to.

Ina zaune na hango wasu 'yan mitsi-mitsin kwalabe jere, duk baki buɗe. Raina ya sosu. Yarinyar da na yi renonta, ta bar abu ba murfi! Na tashi na rufe su ɗaya bayan ɗaya, har ina share bakin kowace da yatsa. (A wurina wannan ba taɓawa ba ce, gyara ne.) Na koma na zauna ina jin daɗin kaina.

Da damina ta faɗi, sai ga ta da malaminta, sun zo ɗibar ganye a gonarmu ta wajen Bauranya. Hadiza duk ta rame. Na kawo masa fura, ya kurɓa, ya ce, "Hajiya, 'yarki na da ƙoƙari, amma ta yi sakaci. Sakamako ya dawo, wai furotin ɗin gero ƙawayensa nonon saniya ne da fatar mutum. Ta rantse cewa da safar hannu ta yi aiki. In ba a gano dalili ba, wani zan ba aikin."

Na dubi ƙwaryar, na dubi yatsuna.

Na ce, "Malam, fatar nan tawa ce. Saniyar ma na san mai ita."

Hadiza ta dafe kai. "Inna! Ba na ce kada ki taɓa ba?"

"Yo ai rufewa na yi, 'yar nan."

Malamin ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. Da ya farfaɗo ya ce, "Ashe na'ura ba ta yi ƙarya ba. Gero da nono ai kowa ya san ƙawaye ne, mu ne muka biyo doguwar hanya." Ya bar wa Hadiza aikinta, sai dai daga farko ta sake, ta koma ƙarshen layi. Wannan har yau yana cina.

Yanzu ko tukunya na tarar a buɗe a ɗakinta, hannuwana nake mayarwa baya in tambaya, "Wannan ta miya ce ko ta ilimi?"