Muryar Inna a Ɗakin Tattasai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zubar da mutuncin aikina a wani ƙauye kusa da Shetimari, da rana tsaka, a gaban tsohuwa da surukarta da awaki biyu.

A labo, ɗakin gwajin jini na asibiti, nake aiki a Diffa. Lokacin an saka mu cikin wani bincike: mu ɗebi jinin yara masu otisim, irin waɗanda ba sa hira kuma ba sa haɗa ido da mutane, a aika Yamai a auna wasu sinadaran furotin, a ga ko suna nuna kumburi a ƙwaƙwalwa. Ba magani ba ne, nema ake yi. Amma in ka ji ni ina bayani, sai ka rantse ni na ƙera ƙwaƙwalwar.

Wata Falmata ce ta nemi mu zo, saboda 'yarta Yagana mai shekara bakwai. Kakar yarinyar, Ya Fanna, uwar mijin Falmata, ta riga ta yanke cewa jibi za a kai ta wurin mai cire iskoki, a lulluɓe ta da bargo a turara mata tattasai. Falmata ta roƙa a bari likita ta fara gani. Likitar kuwa ni ce (ban musa ba, farar rigar tana yi min kyau).

Da na shiga gidan, tsohuwa ta ce, "Madam, muryoyin mutane ke fita daga bakinta."

Na yi murmushin masu ilimi. "Kaka, wannan sananne ne. Abin da ta ji take maimaitawa, babu aljani ko ɗaya." Na yi ta zuba har awakin suka kwanta.

"To. Tana ɗakin tattasai, shiga."

Ɗakin duhu ne, buhuna har rufi, yajin yana shiga ido. Yagana na zaune a ƙasa tana jera busasshen tattasai ɗaya bayan ɗaya, tana rausaya. Ba ta kalle ni ba. Na buɗe akwatin ƙanƙara, na ɗaura mata roba a hannu.

Sai na ji tari. Ɗan gajere, sau biyu. Jikina ya gane shi kafin kaina: tarin Innata ne, wadda muka binne wata takwas da suka wuce.

"Auta, kin ci abinci? Kar ki zauna da yunwa, kin ji."

Daga bakin yarinyar ya fito, yarinyar da gidansu ko Hausa ba a yi sosai. Muryar Inna sak, har da yadda take jan numfashi kafin "kin ji". Hannunta bai daina jera tattasai ba. Ta yi tarin, ta sake faɗa.

Jama'a, ban san ina da gudu ba sai ranar. Na kurma a'uzubillahi, na ture akwatin, kwalaben suka watse, na tsallake akuya, ban tsaya ba sai da na faɗa cikin hanyar ruwan lambu har gwiwa. Daga can na ji tsohuwa ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Likita ma ta gani."

Sai a mota na tuna. Da muka iso, ina jiran mutanen gidan a inuwar bayan ɗakin nan, na kunna saƙon murya na ƙarshe da Inna ta turo min, yadda nake yi kullum. Sau uku na saurara, a ƙarƙashin taga. Abin da na gama yi wa tsohuwa lacca a kai, shi ne ya kore ni.

Ga wurin da ya fi ci min rai: kunya ta hana ni komawa har kwana huɗu. Da na koma, idanun Yagana sun kumbura jajur, tana tari, nata na kanta wannan karon. An riga an turara mata. Wallahi na tsani kaina a tsakar gidan nan.

Na ciro waya na kunna wa Ya Fanna saƙon. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Uwarki tana kabari, ga muryarta a hannunki, kuma ki ce min babu komai?" Na mayar da wayar aljihu.

Falmata ce ta jawo yarinyar, ta miƙo min hannunta. "Madam, ɗebi. Amma in ta yi magana, ki zauna. Kowa gudu yake yi, ita kuma iyakar maganar da take da ita ke nan."

Na zauna. Tun daga ranar, kafin in ce wa wani kar ya ji tsoro, sai na fara tambayar ƙafafuna ko su ma sun ji laccar.