Yadda Na Gaida Surukina a Gangaren Badafi

Kekena ba shi da birki, kuma ban taɓa ɗaukar hakan aibi ba. In zan tsaya, sai in danna takalmina a kan taya, shi ke nan. Da mai gyara ya ce, "Malam, kawo in sa maka roba," cewa na yi tun ba a haife shi ba nake bin burjin Badafi.

Wata Juma'a na sha farar riga, na nufi garin surukaina. Ina tsakiyar gangaren nan mai tsakuwa, keke na zuba gudu, sai na hango surukina, Baba Alhaji, zaune da dattawa a bakin hanya kusa da shanyar barkononsa. To, ni tun da na auri 'yarsa ban taɓa isa gabansa da takalmi ba. Kafin hankalina ya zo, ƙafafuna sun riga sun yi ladabi, sun watsar da takalman.

Sai a sannan na tuna su ne birkin.

Na wuce dattawan nan kamar an harbo ni, ina cewa, "Baba, ina wuni!" Amsar ta same ni kwance cikin barkono, ina salati ina atishawa, farar riga ta koma ja.

Baba Alhaji ko murmushi bai yi ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya sa aka tsinto mini takalmana, ya ce, "Sannu, Malam. Gaisuwa ta iso."

Har yau in na doshi garin, ƙannen matata ihu suke yi: "A kwashe shanya, Malam zai gaida Baba!"