Nomau Sankira da Gonar Fadama

A Kwarin Goriba akwai wani mutum ana ce da shi Nomau, shi ne sankira, wato mai yi wa Maigari shela. Ba don wayo aka ba shi sarautar ba, gado ya yi wurin ubansa. Murya kam Allah ya hore masa, in ya kwarara ta a bakin kasuwa har masu wanki a rafi sai sun ji. Amma fa kan, sai addu'a. Abin da ka gaya wa Nomau shi zai yi, daidai yadda ka faɗa, ko da garin zai kife. Yana zaune da matarsa Hansai da 'ya'yansu, kuma duk abin da suke ci daga gona ɗaya yake fitowa, gonar fadama da ke tafiya tare da sarautar sankira. Ranar da aka karɓe sarautar, ranar za a karɓe gonar. Shi ya sa duk sanda ya fita shela, Hansai takan tsaya a soro ta kasa kunne.

Ga shi garin ya rabu biyu tun zaɓen da ya wuce. 'Yan Tudu da jam'iyyarsu da gidan rediyonsu da mai shayinsu, 'yan Gangare ma haka. Ko ruwan sama aka yi, kowane ɓangare da yadda zai ba da labarinsa. Muryar Nomau kaɗai ta rage da duka garin ke saurara.

Wata rana Maigari ya kira shi ya ce, "Abin da na faɗa shi za ka faɗa, kada ka ƙara, kada ka rage." Nomau ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Can sai Hansai ta jiyo shi daga soro: "Jama'a, Maigari na gaishe ku! Ya ce gobe kowa ya fito gayyar gyaran hanya! Ya ce ko da yake 'yan Gangare malalata ne, ba fitowa za su yi ba! Ya ce wai wa ya ɗauke masa buta!" Hansai ta ɗora hannu a ka. Washegari ko mutum ɗaya bai fito daga Gangare ba, buta dai an mayar.

Wata rana, da 'yan Gangare suka kai ƙara cewa sankira ya zama ɗan Tudu, Maigari ya ja masa kunne: "Daga yau ka daidaita. Abin da ka faɗa a kan Tudu, ka faɗi irinsa a kan Gangare." Ba a jima ba wani dattijo ya rasu a Tudu. Nomau ya yi shelar jana'iza tsaf, sannan ya ɗan tsaya ya yi tunani, ya ƙara da cewa, "Haka kuma a Gangare, Malam Shekarau mai ɗinkin hula, shi ma Allah ya yi masa rasuwa!" Mutane suka yi ta tururuwa da salati, suka tarar da Malam Shekarau a ƙofar gida yana shan kununsa. Da Hansai ta ce, "Haba Malam, me bawan Allahn nan ya yi maka?" sai ya ce, "Ai na duba, shi ya fi tsufa a can."

Wata rana Maigari, da ransa ya gama ɓaci, ya ce, "Kada ka ƙara faɗin abin da idonka bai gani ba." Ran nan aka aiko cewa taki ya iso birni, a gaya wa manoma su hanzarta. Ina ruwan Nomau, ya ɗauki sandarsa ya kama hanya a ƙafa don ya gani. Ya gani kuwa, har buhunan ya shafa. Kafin ya dawo ya yi shela, ƙauyukan maƙwabta sun kwashe kaf. 'Yan Tudu suka ce Gangare ce ta saye Nomau, 'yan Gangare suka ce Tudu ce. Maigari ya aiko wa Hansai da saƙo, ba wasa a ciki: kuskure ɗaya ya rage, a karɓe sarauta da gona.

Hansai ta zaunar da shi, idonta ya ciko. Ta ce, "Malam, don girman Allah ka manta da duk na baya. Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka buɗe baki sai ka san wanda ya fara faɗin maganar, in ta ɓaci a bi shi, ba kai ba." Ya ce ya ji.

Wata rana da hantsi, Maigari ya tafi wurin Hakimi, sai gari ya yamutse. Labari ya shigo ta waya wai 'yan jam'iyyar Tudu sun kashe Ɗanliti direba, ɗan Gangare, a wurin taron siyasa a birni, har da hoton mota tana ci da wuta. Uwar Ɗanliti ta faɗi sumammiya. Samarin Gangare suka fito da gorori da adduna, 'yan Tudu suka hau tura mata da yara cikin ɗaka. Jagoran Gangare, Alhaji Barau, ya cafko Nomau a ƙofar gida ya ce, "Yi shela, duk namijin Gangare ya fito!" Hansai ta leƙo daga soro ta dubi mijinta. In ya yi, jini zai zuba. In ya ƙi, shi za a fara duka.

"Wa ya fara faɗa, Alhaji?" in ji Nomau.

"Wurin mai shayi na ji. Kai, yi abin da na sa ka!"

Nomau ko a jikinsa, ya nufi teburin mai shayi. Taron ya bi shi ana zaginsa, Hansai a baya ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Mai shayi ya ce wurin Jatau mai cajin waya ya ji. Jatau ya ce turo masa aka yi, lambar ma ba suna.

Nomau ya sosa ƙeya. Can ya ce, "To ai wanda aka kashe shi ya riga kowa sani. Kira mini shi in tambaye shi."

Wuri ya ɗauki salati, wani ya ɗaga gora. Hansai ta rufe ido, ta ce a ranta shi ke nan gona ta tafi, mijin ma Allah ya sa a bar mata shi da rai. Jatau kuwa, don dai a rabu da wawa lafiya, ya danna lambar Ɗanliti ya buɗe sauti kowa na ji. Waya ta yi ƙara, ta sake yi, sai aka ɗauka.

"Jatau, yi sauri, lodin albasa nake."

Nomau ya kai bakinsa kusa. "Ɗanliti, Nomau ne. Kai ka fara faɗin an kashe ka?"

"An kashe wa? Ni? Kai, wane ɗan banza ne ya ce?"

Gorori suka fara sauka a hankali, kowa na satar kallon na kusa da shi. Alhaji Barau ya sulale ta bayan rumfa. Hansai ta zube a bencin Jatau tana dariya tana hawaye, wani sanyi na ratsa ta har ƙafa. Ana cikin haka Maigari ya iso a bayan babur, hularsa a hannu. Da aka ba shi labari sai ya dubi Hansai ya ce, "Ku je ku ci gaba da nomanku. Ba mai taɓa gonar nan."

Shi kuwa Nomau bai tsaya jin wannan ba, tuni ya isa bakin kasuwa, ya gyara tsayuwa ya kwarara murya: "Jama'a, marigayi Ɗanliti na gaishe ku! Ya ce a gaya muku shi bai san da maganar ba!"